Mutuwar Uba a Labarin Yara: Me Za a Faɗa, Me Za a Ɓoye?

Wata malamar firamare ce ta aiko min da tambaya haɗe da rubutun da ta yi. Tana koyar da 'yan aji biyar, kuma ta rubuta labari don yara 'yan shekara 9 zuwa 12. Tauraruwar labarin Ladidi, 'yar ƙauye, babanta ya tafi cin rani bai dawo ba, kullum ta tambaya sai a ce mata yana nan tafe. Ta shiga bincike, a babin ƙarshe wata tsohuwar aljana da ke cikin kukar bayan gari ta gaya mata ai ya shekara biyu da rasuwa. Wani abokin aikin malamar ya karanta ya ce mutuwa ba zancen yara ba ce. Tambayarta biyu: ta cire mutuwar ne? In ba ta cire ba, yaya za ta ƙulla sirrin ya riƙe yaro har ƙarshe?

Malama, sannu da aiki. Na karanta shafukan nan 46 a zama ɗaya, kuma bari in fara da abokin aikinki mu sallame shi da wuri. Ki tambaye shi tatsuniyar da kakarsa ta fi yi masa. Da wuya bai ambaci marainiya da kishiyar uwa ba, wadda ake aika rafi mai nisa da wanki, ake ba ta ƙanzo 'yan ubanta suna cin tuwo. Tun ba mu san littafi ba aka cika mana kunne da maraici. A makarantar allo ma yaro ba ya nisa zai iso Suratul Duha, inda aka tuna wa Manzon Allah (SAW) cewa an same shi maraya aka ba shi mafaka, malam kuma ya gaya masa mahaifinsa ya rasu tun yana ciki, mahaifiyarsa yana da shekara 6, kakansa yana da 8. A boko kuwa, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutun da aka shirya a Zariya a 1933, an daɗe ana karanta shi a makarantu, alhali labarin yaro ne da ya tashi ba uba, aka sace shi, uwarsa ta bi sawunsa har ƙetaren Sahara, ta same shi, ba ta jima ba ta cika. Sannan ki dubi ajinki. Cikin yaran da kike kiran sunansu kowace safiya, nawa ne marayu? Ke kin fi ni sani. Su mutuwa ta riga ta shigo musu gida ba sallama. Abin da suka rasa shi ne wanda zai zauna ya yi musu zancenta.

To mutuwa ta zauna. Amma akwai gyara, kuma babba ne: kin mai da mutuwar ita ce sirrin, nan ginin ya karkace. A shafi na 3, inda Ladidi ta tambayi innarta yaushe Baba zai dawo, innar ta juya baya tana iza wuta ta ce hayaƙi ne ya shiga mata ido, duk ɗan aji biyar ya gane. Wurin ya yi kyau ƙwarai, kyansa ne ma ya tona ki. Daga nan mai karatu ya koma zaman jiran Ladidi ta gane abin da shi ya gane tuntuni, shafi 40 cur, kuma yaro ba ya haƙuri da tauraron da ya fi shi nauyin kai. Abin da ya fi damuna kuma, littafin ya ƙare daidai inda baƙin cikin ya fara. An gaya mata, ta fashe da kuka, sai ƙurunƙus. Kin kai yaro bakin rijiya kin saki hannunsa. Wanda ya karanta wannan da dare shi kaɗai, wataƙila shi ma an ce masa babansa ya tafi Makka, me kika bar masa?

Masu nazarin tunanin yara sun daɗe da lura cewa yaro ba lokaci ɗaya yake fahimtar mutuwa ba, da kaɗan-kaɗan yake haɗa ta: wanda ya mutu ba ya dawowa, jikinsa ya daina gani da ji da jin yunwa, kowa zai mutu, kuma akwai sanadi. Yawanci tsakanin shekara 5 zuwa 7 waɗannan suke fara zama masa. Waɗanda kike rubuta wa sun wuce nan, sun san mutuwa sarai. Abin da ke cinsu daban ne. Ya sha wahala? Akwai laifina a ciki? Wa zai biya kuɗin makaranta? Inna za ta yi wani auren ta tafi ta bar ni a hannun wa? Shi kuwa "ya yi tafiya" da muke gaya wa yara, da kyakkyawar niyya muke yi, sai dai wanda ya yarda yakan koma zaman bakin hanya duk ranar kasuwa yana leƙen motoci, wanda bai yarda ba kuma ya koyi cewa manyansa suna iya haɗa baki su ruɗe shi. In kina son wannan ya fito a littafin, ki ba Ladidi ƙanwa 'yar shekara 4. Ita aka gaya wa Baba ya yi tafiya. Ladidi ta san gaskiya, an hana ta faɗa, kuma ita ƙanwar take tambaya kowane dare a kan tabarma.

Shawarata ke nan a dunƙule: ki faɗi mutuwar a babi na farko, a fili, ki ɓoye abin da mamacin ya bari. Tambayar da za ta ja labarin ta tashi daga "ina Baba?" ta koma "me Baba ya yi da ban sani ba, kuma me ya sa kowa ya yi shiru?" Ki tuna katangar nan ta Suratul Kahfi. Annabi Musa ya ga abokin tafiyarsa ya tayar da katangar da ke shirin faɗuwa a garin da aka ƙi ba su baƙunta, abin ya ɗaure masa kai, sai a aya ta 82 aka warware: ta wasu marayu biyu ce, akwai taskarsu a ƙarƙashi, kuma ubansu mutumin kirki ne. Alƙur'ani ba ƙage ba ne, ban kuma ce ki kwaikwaye shi ba, amma ki dubi abin da ya riƙe zuciya a wurin. An san uban ya mutu tun farko. Abin da ba a sani ba shi ne har yanzu kirkinsa yana yi wa 'ya'yansa aiki.

Yanzu ƙauye. Marubutanmu da yawa sukan ɗauko tsarin labarin bincike na birni su dasa a ƙauye, ya ƙi kamawa. A birni abu yana ɓoyuwa don ba wanda ya san wani. A ƙauye kuwa ba abin da ke ɓoye. An san wanda ya ci bashi, an san wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara, an san sawun takalmin kowa a hanyar rijiya. Sirrin ƙauye shi ne abin da kowa ya sani ban da yaron. Ba mugunta ce ke rufe bakin mutane ba, kunya ce, da kara, da "yarinya ce, bar ta". Innar Ladidi ko sunan mijinta ba ta faɗa tun yana raye, balle ta zauna ta buɗe wa 'yar fari zancen bashinsa. Kaka ta ce abin da ya wuce ya wuce. Mai unguwa ya ce maganar manya ce. Kin ga ba ki bukatar ɓarawo ko boka. Alkunya kaɗai ta isa ta riƙe miki babi goma.

Ga kuma wata garaɓasa da ƙasar Hausa ta ba ki kyauta: ba mai bincike kamar yarinya 'yar shekara 10. Namiji baligi iyakarsa zaure, gidan da aka rubuta "ba shiga" ba shi da hanya. Matar aure tana cikin gida. Yarinya kuwa da farantin talla ko da aike, babu gidan da ba ta shiga har ƙuryar ɗaki, ta je kasuwa, ta je rijiya, ta je injin niƙa, kuma manya suna magana a kanta kamar ba ta da kunne. Ba sai kin ƙago mata dalilin fita ba. Ki ba ta farantin ƙuli-ƙuli kawai.

Bari in zana miki misali, ba don ki ɗauka yadda yake ba. Mu ce Baba ya rasu a farkon Janairu, cikin sanyi, bayan ya yi wata guda kwance a asibitin birni. Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, wato sai wajen tsakiyar Mayu za ta fita, ruwan shuka kuma yana bakin ƙofa. Kin samu agogon labari ke nan ba tare da kin nema ba: dole a san matsayin gona kafin ruwa ya sauka, ga uwa ba ta yawo, ba kuma za ta tsaya gaban maza tana jayayya ba. Bayan sadakar arba'in abubuwa uku suka faru. Baffa, ƙanen Baba, ya ce bana ba za a noma gonar fadama ba, bai ce don me ba, sai ga wani baƙon mutum yana share ta. Duk ranar kasuwa wata Bafulatana tana ajiye ƙwaryar nono da curin man shanu a ƙofar ɗakin Inna, a miƙa mata kuɗi ta ƙi, ta ce na mai gidan ne. A gafakar Baba kuma Ladidi ta tsinci wata takarda da rubutun ajami, suna ɗaya da 'yan lambobi, da wani zane kamar ganye an yanke gefensa. Baƙin allo ta sani, don haka tana iya haɗa shi da ƙyar, amma wa za ta nuna wa? Liman abokin Baffa ne.

Ladidi za ta zargi Baffa, mai karatu ma haka, don tatsuniya ta riga ta koya masa cewa dangin uba ba su da amana. Ki bar su su yi ta zarginsa. A ƙarshe sai ta bayyana jinginar da gonar ya yi ya biya kuɗin asibiti, wanda ya ba da kuɗin shi zai ci gaba da nomanta har ranar da aka biya shi, yadda aka saba a karkara (malamai suna da magana a kan wannan, amma ana yi). Kunya ce ta hana shi faɗa, don shi ne ya yi wa yayansa alkawari a gadon asibiti cewa gonar ba za ta fita daga hannun yaran ba. Zanen nan kuwa ba ganye ba ne, kunnen saniya ne da shaidarsa. Shekara 6 da suka wuce Baba ya ba abokinsa Bafulatani kiwon karsana, ta hayayyafa, bai gaya wa kowa ba don karatun Ladidi ya tanadar wa. Shi abokin ya yi kudu da shanu neman ciyawa tun farkon rani, sai damina zai dawo, matarsa kuwa ta ga ba hurumin mace ba ne ta tayar da zancen dukiya a gidan makoki, sai ta riƙa kawo nonon. Babu mugu ko ɗaya a labarin, amma an yi babi goma ana zullumi. Kuma abin da Ladidi ta gano ba saniya ba ce kawai. Ta gano cewa mutumin nan mai ƙarancin magana, wanda bai taɓa tambayarta me aka koya musu a makaranta ba, ya shekara 6 yana lissafin karatunta.

Tunda gado ya shigo, don Allah ki daidaita shi, domin yaran Islamiyya za su kama ki. In mamaci ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, mahaifiyarsa da ɗan'uwansa shaƙiƙi, ana kasa dukiyar 24: 'yan matan su ɗauki 16, matar ta ɗauki tumuni, wato 3, mahaifiyar ta ɗauki sudusi, wato 4, ɗayan da ya rage na baffa ne. Da a ce Ladidi ƙane gare ta ba ƙanwa ba, baffa ba shi da komai, riƙon amana kawai zai yi. In kuma Inna tana da ciki, a mazhabar Malikiyya ana dakatar da rabon sai ta haihu, kuma takabarta tana ƙarewa ne da haihuwar. Ba cewa na yi ki zuba wannan lissafin a littafin yara ba. Ke ce za ki san shi, don kada bakin wani tauraro ya faɗi abin da alƙali zai yi wa dariya. Kafin rabo ma ana fara biyan bashi, abin da zai sa zancen jinginar ya zama dole ya fito.

Alamu kuma a yi adalci da su. Duk abin da za a warware sirrin da shi, sai mai karatu ya riga ya gan shi da idonsa, ya wuce bai kula ba. Tun a babi na biyu Ladidi ta ga shanun rugar nan a mashaya, ta ga wata saniya mai yankakken kunne ta yi mata dariya. A babi na biyar ta sake ganin irin yankan a kunnen ɗan maraƙi. Sai a na takwas, tana zaune tana juya takardar, ta juya ta a kaikaice. Yaron da ya riga ta ganewa da shafi ɗaya zai yi tsalle, wanda bai gane ba zai koma baya ya duba ya ce ashe. Ki lura da yadda riga ta yi aiki a ƙissar Annabi Yusuf: ta zo da jinin ƙarya, masu tafsiri suka ce Annabi Yaƙubu ya lura ba ta yage ba, wane irin kyarkeci ne zai ci yaro ya bar riga lafiya, ta sake zuwa a yage ta baya ta wanke shi daga zargi, ta zo ta uku aka jefa ta a fuskar uban ganinsa ya dawo. Abu ɗaya, na yau da kullum, sau uku. Wannan ya fi tarin layu da zobban sihiri.

Shi ya kawo mu kan aljanarki. Na so ta, gaskiya, musamman inda kika ce muryarta kamar ana jan busasshen kara a ƙasa. Amma in ita ce ta ba da amsa, Ladidi ba ta yi komai ba ke nan, tafiya kawai ta yi ta je ta karɓo. Ki bar kukar, ki bar tsoron, yaran ƙauye suna tsoron kuka da tsamiya da kufai da tsakar rana, ƙarya ne a rubuta ƙauye babu wannan. Ki sa yara su rantse sun ga wuta a gindin kukar da dare. Sai Ladidi ta daure ta je, ƙafa na rawa, ta tarar Baffa ne da tocila zaune shi kaɗai, don ta nan ake hango gonar da ya jinginar. Haka mafarki. Ta yi mafarkin babanta, marayu suna yi, ya shafa kanta, ta farka da sanyin zuciya. Amma kada ya gaya mata inda takarda take.

Inda rubutunki ya fi rauni shi ne baƙin cikin kansa. Na ƙirga, Ladidi ta yi kuka sau 11, kowanne da "hawaye suka wanke mata fuska". Baƙin cikin yaro ba haka yake tafiya ba, zuwa yake yana komawa. Ranar sadakar uku za ki gan ta a dandali tana gaɗa har wata tsohuwa ta ce yarinyar nan ba ta da zuciya, bayan mako biyu kuma silifa ya tsinke ta yi kukan da ya tara maƙwabta. Ki nemi baƙin cikin a jikin kaya: hular da ke rataye a ƙusa, rediyon da ba wanda ya kunna tun ranar, ƙotar fartanya da ta yi santsi daidai inda hannunsa ke kamawa. Ga irin abin da nake nufi:

"Da aka kira magariba ta cika butar Baba ta ajiye a gindin turmi, inda yake alwala. Sai da ta juya ta tuna. Ba ta zubar ba, ba ta ɗauke ba. Da safe ta tarar butar ba ruwa, an jingine ta a ƙofar ɗakin Inna. Ba wadda ta ce da wata komai."

Ki kuma rubuta zaman makoki ta idon yarinya, don ban cika ganin wanda ya yi ba. Mu muna binne mamaci cikin 'yan sa'o'i. An tura ta gidan maƙwabta, kafin ta dawo an yi wanka, an yi salla, an kai shi, ɗaki ya zama wayam. Kwana uku mutane suna shigowa, "Ya haƙuri?", "Da godiya", "Allah ya jiƙansa", duk wa Inna da Kaka ake yi. Ita sai dai a ce Ladidi kawo tabarma, Ladidi kai ruwa zaure. Ba wanda ya yi mata ta'aziyya, ita da aka yi wa mutuwar. Ba a je da ita maƙabarta ba, ba ta san wane tudun ne na babanta ba. Wannan kaɗai ƙaramin sirri ne da za ki iya ja har kusan ƙarshe, ranar da wani yaro makiyayi, wanda ya ga jana'izar daga nesa, zai tsaya da ita a bakin shinge ya nuna mata da sanda. A wani wuri kuma a samu babba guda ɗaya, ko Kaka ko malamin allo, da zai ce mata kuka ba saɓo ba ne, Manzon Allah (SAW) ma ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Wani kuma ya cire mata ƙayar da ta fi sukarta: ranar da ciwon ya kama Baba ya aike ta ta tsaya wasa, tun daga nan take ganin ita ce sanadi. Yara da yawa suna ɗauke da irin wannan shekara da shekaru, ba wanda ya sani balle ya sauke musu.

Akwai wani littafin daban da ke kwance cikin rubutunki, na uban da ya ɓata da gaske, ba gawa ba labari. Wannan ba ƙage ba ne a wurinmu yanzu. Daga rikicin arewa maso gabas da ya ɓarke a 2009 zuwa ta'asar 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato, gidaje da yawa suna cikin wannan hali. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya tana da sunayen mutum fiye da 20,000 da ake nema a Najeriya, fiye da rabinsu yara ne lokacin da suka ɓata. Wata masaniya Ba'amurkiya, Pauline Boss, ta yi nazarin irin wannan rashi tun shekarun 1970, ta nuna yadda yake daskarar da iyali, ba su yi makoki ba, ba su kuma daina jira ba. Fiƙihunmu ma ya san da shi: a Malikiyya matar wanda ya ɓata takan kai maganarta gaban alƙali, a yi cigiya, ta jira shekara 4, sannan ta yi takaba. In wannan kike son rubutawa, bismilla, amma ya fi wuya, kuma ƙa'idarsa daban. Ba a gane gaskiya a ƙarshe, kuma kada ki dawo da uban a shafin ƙarshe yana murmushi da tsaraba, don akwai yaron da zai rufe littafin ya koma bakin hanya. Tashin hankalin kuma a ji labarinsa daga nesa, kada a gan shi, kada a liƙa wa wata ƙabila. Ni dai da za ki bi tawa, ki fara da na gafaka da saniya, hannunki ya faɗa tukuna.

Sauran 'yan ƙanana ne. Babi kada ya wuce abin da za ki karanta wa aji cikin minti 10, kuma ki tsaya inda za su ce "Malama ci gaba". Ki ce "ya rasu" kai tsaye. Su "ya riga mu gidan gaskiya" da "rai ya yi halinsa" ki bar su a bakin tsofaffi, nan ne gidansu. Wa'azin shafi biyu da kika sa a bakin liman a ƙarshe ki cire shi duka, yaran sun ji abin a jikinsu tun kafin ya buɗe baki. In kin gama, ki karanta wa 'yan ajinki babi-babi, kina tsayawa kina tambaya wa suke zargi. In duk sun gane tun a babi na huɗu, alamunki sun yi yawa. In ba wanda ya gane har aka warware, kin yi rowa. Amma kafin ki fara, ki ja marayun ajin gefe ɗaya bayan ɗaya, ki gaya musu labarin da za a karanta akwai rasuwar uba a ciki, wanda ba ya son zama ki ba shi aike ofis ba tare da kowa ya san dalili ba.

Ƙarshen labarin kuwa, da ni ne, ba a kan saniya zan tsaya ba, ba kuma ranar da aka fanshi gona ba. Zan kai shi safiyar da ta biyo bayan ruwan shuka. Baffa yana gaba da sungumin Baba yana sara, Ladidi tana bayansa da ƙoƙon iri, tana jefawa tana rufewa da diddige. Ƙanwarta tana bakin gona a kan zani, ta ɗaga murya ta ce yaushe Baba zai dawo. Baffa ya tsaya da saran. Ya dubi Ladidi, ta dube shi, ya ajiye sungumin ya nufi wajen yarinyar, ita kuma ta bi bayansa da ƙoƙon a hannu. Shafinki na 3, na Inna da hayaƙi, kada ki taɓa ko kalma ɗaya a ciki. Ki dai mai da shi bakin ƙanwar, ki sa Ladidi a gefe tana tsince shinkafa tana jinsu. In kin gyara babi uku na farko ki aiko min.